Waiwaye: Tun Yaushe Radar Ke Fama da Abin da Ke Kauce Mata?

A majalisun ataya na unguwannin Nima da Mamobi a Accra muhawara ta ƙi ƙarewa kan yadda jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami ke kuɓuce wa na'urar radar mai hango abin da ke tafiya a sama, har wasu na cewa zamaninta ya wuce. Sai dai matsalar ta girmi yawancin masu gardamar.

Kowane awo da radar ta yi yana tafe da kuskure, don haka dole a tace shi da lissafi. Masanin lissafi Norbert Wiener ya gwada haka a yaƙin duniya na biyu saboda bindigogin kakkaɓo jirage, sannan a 1960 Rudolf Kalman ya fito da matatar lissafi da ke hasashen inda abu zai kai, ta gwada da sabon awo, ta gyara kanta. Da ita aka yi wa kumbon Apollo jagora zuwa wata.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin Robert Singer na 1970. Duk wanda ya taɓa tsallaka titin Nima da yamma ya san motar da ta miƙe ba ta da wuyar ƙiyasi, mai babur da ke kurɗawa tsakanin motocin haya na trotro ne ke ruɗa ido. Haka matatar take: idan aka gaya mata abin yana tafiya miƙe, da zarar ya karkata sai ta ɗauka kuskuren awo ne, ta ci gaba da nemansa inda ba ya nan. Singer ya lura cewa juyawar matuƙi tana ɗaukar lokaci, kuma abin da ya yi a wannan daƙiƙa yana da nasaba da na mai bi mata, kimanin daƙiƙa 60 ga mai juyawa a hankali, kimanin 20 ga mai kauce wa harbi. Ya zuba wannan cikin lissafi, matatar ta koyi sa ran karkata.

A ganina nan jijiyar take, domin an auna wannan ɗabi'a ce da jirgi mai ɗauke da mutum, wanda jikinsa ke da iyakar matsin da zai jure kafin jiri ya ɗebe shi. A 1988 Henk Blom da Yaakov Bar-Shalom sun jera matatu da dama suna aiki tare, wata ta miƙe, wata ta juyawa, ana fifita wadda ta fi dacewa da awo. Amma kowacce sai an faɗa mata irin tafiyar da za ta sa rai, alhali makamin da ya ninka gudun sauti sau biyar yana karkata ba tare da kowa a cikinsa ba.