Allurar Kashe Zafi Lokacin Haihuwa: Tana Taɓa Ƙwaƙwalwar Yaro?

A layin awon ciki a Jos, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko a asibitin Jankwano, da an ambaci tiyata sai wata ta ce allurar ce ke sa yaro ya yi jinkirin magana. Ga tambayoyin da mata suka fi yi.

Wace irin allura ake yi?

Galibin tiyatar haihuwa da allurar baya ake yin ta. Mace ta zauna ta duƙa, ta rungume matashi, likita ya sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya. Cikin 'yan mintoci ƙafafu su yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, amma idonta biyu, kukan farko ma a kunnenta. Akwai epidural, ita ma allurar baya ce amma ta rage zafin naƙuda, sai kuma maganin barci gaba ɗaya, yawanci idan abin ya zo da gaggawa.

Maganin yana kaiwa ga jariri?

Na allurar baya ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Maganin barci yana ratsa mabiyiya, sai dai mintoci ne tsakanin sa shi da ciro yaro. Wanda ake kaffa-kaffa da shi shi ne pethidine, maganin rage zafin naƙuda da ake yin allurarsa a cinya ko ɗuwawu: idan haihuwa ta zo 'yan awoyi bayansa, jariri kan fito da kasala, numfashi ya yi rauni, ya ƙi kama nono da kyau. Abu ne mai wucewa, kuma ma'aikata sun san yadda ake tarbarsa.

To daga ina tsoron ya samo asali?

Yana da tushe. An ga maganin barci na tsawon awoyi ya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓeraye. A Disambar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan maganin barcin da ya haura awa 3, ko wanda ake maimaitawa, ga yara 'yan ƙasa da shekara 3 da masu ciki a watanni ukun ƙarshe. Amma a lura da sharaɗin: awa 3. Wani bincike mai suna GAS ya bi jarirai 722 da aka yi wa aikin ƙaba, rabi an sa su barci na ƙasa da awa ɗaya, rabi allurar baya. Sakamakon 2019 ya nuna da suka kai shekara 5 basirarsu ɗaya.

An ce epidural na jawo galahanga (autism)?

Wani bincike daga Kalifoniya a 2020 ya ga 'yar alaƙa. A 2021 manyan bincike daga Manitoba ta Kanada da kuma Denmak ba su ga alaƙar ba.

Me ya fi barazana ga ƙwaƙwalwar jariri?

Nan ne abin ke ci mini rai. Doguwar naƙuda ce. Likita ya ce bugun zuciyar yaro ya fara sauka, a sa hannu a shiga tiyata, sai maigida ya ce a jira Hajiya ta iso, Hajiya ta ce a ƙara haƙuri, ai mu a ɗaki muka haihu. Duk wannan jiran yaro na ƙarancin iska. Shi ne ake haifa bai yi kuka ba, daga baya wuya ya ƙi tsayawa, zama ya gagara, farfaɗiya ta biyo. Sai shawara mai tsanani a makon farko, idon jariri ya yi rawaya a tsaya shanya shi a hantsi maimakon a kai shi a sa a fitilar asibiti. A ganina tsoron allura ya fi allurar kanta cutar da 'ya'yanmu.

Me ya kamata in yi tun yanzu?

Ku yanke shawarar tiyata da maigida tun a awo, a san mai sa hannu. Ki faɗa wa likita in kina da hawan jini, matsalar daskarewar jini, ko magani ya taɓa ba ki wahala. Ki tambaya ko za a ɗora miki jaririn a ƙirji ya kama nono cikin awar farko. Da allurar baya sau da yawa hakan na yiwuwa.