Hoto ya ce babu, tiyata ta ce akwai: tambayoyi kan yaɗuwar sankarar babban hanji a cikin ciki

Ina sankarar babban hanji take zuwa idan ta bar inda ta fara?

Galibi hanta take fara nufa, sannan huhu. Akwai kuma hanya ta uku da ta fi wuyar ganewa, wato tantanin nan mai santsi da ya lulluɓe hanji da bangon ciki. Idan ƙarin ya ci bangon hanji har ya huda, sai ƙwayoyinsa su zube cikin ciki su manne nan da can, kamar an watsa gero a tabarma.

To ai akwai hoton CT. Me ya sa ba ya wadatarwa?

CT gwani ne wajen hanta da huhu, shi ya sa da shi ake farawa. Amma a kan tantani idonsa ba ya kai wa ƙurjin da bai kai rabin santimita ba, sai dai da sa'a. Irin waɗannan ƙananan kuwa su suka fi yawa, kuma a jikin ƙaramin hanji suke laɓewa, inda hanjin ke motsi yana naɗewa. Saboda haka CT ya fi yawan rage lissafi. MRI na zamani ya fi shi gani a nan. Hoton PET kuma yana da nasa rauni: sankara mai yauƙi kamar majina ba ta shan sinadarin sukarin da ake yi wa mutum allurarsa, sai ta ƙi haskawa.

Me likitan tiyata yake ƙirgawa idan ya leƙa?

Akwai ma'aunin PCI na auna yawan yaɗuwar ƙurajen a kan tantani, wanda Paul Sugarbaker na Amurka da abokin aikinsa suka fitar a 1996. An raba ciki gida 13, huɗu daga ciki na ƙaramin hanji ne. Kowane gida ana ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon girman ƙurji mafi girma: har rabin santimita maki 1, har santimita 5 maki 2, abin da ya zarce maki 3. Jimla ba ta wuce 39. Asibitoci da dama suna ja da baya daga babbar tiyatar kwashe ƙurajen idan maki ya haura 20. Ko da maki kaɗan ne ma, idan ƙaramin hanji ya cika da ƙuraje, ba yadda za a yi, don ba a kwashe shi duka mutum ya ci gaba da cin tuwo.

Sai an tsaga ciki ke nan?

A'a. Ana huda ƙananan ƙofofi, a hura iska, a zura kyamara, a ɗauko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Amfaninsa shi ne kauce wa abin da dangi ke cewa "an buɗe an rufe", majinyaci ya sha wuƙa a banza, ya kuma jinkirta maganin kashe ƙwayoyin sankara (chemotherapy) har rauni ya warke. Sai dai wanda aka taɓa yi wa tiyata, hanjinsa kan manne da juna, kyamara ta rasa hanya. Ba ta kuma ganin abin da ke can cikin hanta. Nan hoto ya fi ta.

Me zai hana a leƙa duk wanda ake tsoron ciwonsa zai dawo?

An gwada. A Faransa, binciken PROPHYLOCHIP da aka wallafa a 2020 ya sake buɗe majinyatan da ke cikin haɗari alhali hotonsu lafiya, aka wanke cikin da maganin sankara mai ɗumi. An tarar da cuta ɓoye a wasunsu, amma ba su fi waɗanda aka ci gaba da bibiya da hoto daɗewa ba tare da ciwon ya dawo ba. Don haka a yau an fi leƙawa da kyamara idan ana shirin babbar tiyatar kwashe ƙurajen, ana son tabbacin za ta yiwu.