Sake rera waƙar wani

Sake rera waƙar wani shi ne mawaƙi ya ɗauki waƙar da wani ya riga ya fitar, ya sake shiga sitidiyo ko ya hau dandamali ya rera ta da muryarsa da irin nasa kiɗan. Turawa koba suke ce masa. Ba satar fasaha ba ne, tunda an san mai waƙar kuma ana biyansa, sannan ya bambanta da abin da ƴan rap suke yi na yanko ɗan guntun sauti daga tsohon faifai su liƙa a sabuwar waƙa. A nan baitocin da karin duk na mai waƙar ne, murya da kayan kiɗa da yanayin ne kawai suke canjawa, amma fa wani lokacin wannan ɗan canjin ya isa ya sa mutane su manta da wanda ya fara yin ta kwata-kwata.

Yadda kuɗin yake tafiya

A Amurka, inda harkar ta fi ƙarfi, waƙa ɗaya haƙƙin mallaka biyu gare ta. Akwai na rubutu da kari, wannan na marubuci ne da kamfanin da yake kular masa da shi, akwai kuma na sautin da aka naɗa, wanda galibi kamfanin faifai ne yake riƙe da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta ce da zarar mai waƙa ya yarda an fitar da ita kasuwa, to kowa zai iya naɗar tasa ba sai ya nemi izini ba, in dai zai biya kuɗin da doka ta yanke, lokacin santi 2 ne a kan kowane kwafi, kuma haka farashin ya tsaya cak har 1978. Sharaɗin shi ne kar a jirkita asalin karin. Bidiyo da fim kuma ba sa cikin wannan rangwamen, sai an zauna an daidaita da masu waƙar.

Wannan ya sa marubuci yake iya kwanciyarsa a gida wani yana yi masa noma. Dolly Parton ta fitar da "I Will Always Love You" a 1974, waƙar ban kwana ce da ta yi wa Porter Wagoner wanda suka daɗe suna aiki tare. Elvis Presley ya so ya rera ta, sai manajansa Kanal Tom Parker ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakar tukuna kamar yadda suka saba yi wa marubuta, ita kuwa ta ce a kai kasuwa. Shekara 18 bayan fitowar waƙar Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard na 1992, ta yi sati 14 tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard, kuma kason marubuci kaf ɗinsa aljihun Dolly ya shiga. Har yau da yawa ba su ma san ba Whitney ce ta ƙirƙire ta ba.

Wanda aka ci da guminsa

Ba kowa ne ya dace irin haka ba. A shekarun 1950 gidajen rediyon fararen fata a Amurka ba sa son sa waƙoƙin baƙaƙe, sai kamfanoni suka gano dabara, da waƙar baƙar fata ta fara tashe sai a yi maza a ba wani farin yaro ya maimaita ta a sanyaye, a rage mata yaji. Little Richard ya fitar da "Tutti Frutti" a 1955, Pat Boone ya sake ta, tasa ta fi ta mai ita hawa a jerin waƙoƙin fof. Ita ma "Hound Dog" Big Mama Thornton ce ta fara yi, ta fito a 1953, amma ta Elvis ta 1956 duniya ta sani.

Labarin da ya fi ciwo dai na Afirka ta Kudu ne. Solomon Linda, Bazule ne, ya naɗi "Mbube" wato zaki, da ƙungiyarsa Evening Birds a Johannesburg a 1939 a kamfanin Gallo, an ce sule 10 aka ba shi, shi ke nan. Faifan ya tsallaka Amurka ya faɗa hannun mawaƙi Pete Seeger, shi kuma kunnensa bai kama kalmar Zulancin da kyau ba sai ya mai da ita "Wimoweh", daga nan a 1961 aka ɗora mata baitocin Turanci, ƙungiyar The Tokens ta rera ta, ta koma "The Lion Sleeps Tonight" ta zama ta ɗaya a Amurka. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Waƙar ta shiga fim ɗin The Lion King na Disney a 1994 kuɗi na ta zuba, ƴaƴansa kuwa suna Soweto suna fama, sai da wani ɗan jarida Rian Malan ya tono maganar a mujallar Rolling Stone a 2000, aka je kotu, sannan a 2006 aka yi sulhu da iyalansa.

Waɗanda suka ƙwace waƙa da murya

Akwai maimaicin da gaskiya ya fi asali, ko masu waƙar ma ba sa musu. Otis Redding ya yi "Respect" a 1965 da bakin magidanci mai neman a girmama shi in ya dawo gida, Aretha Franklin ta ɗauka a 1967 ta juya ta, mace ce yanzu take cewa a ba ta girmanta, nan take waƙar ta zama taken mata da na masu fafutukar ƴancin baƙaƙe. Jimi Hendrix ya sake "All Along the Watchtower" ta Bob Dylan a 1968, har shi Dylan ɗin daga baya ya koma rera ta da salo irin na Hendrix. Johnny Cash kuma yana tsoho, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rera "Hurt" ta ƙungiyar Nine Inch Nails a 2002, waƙar da saurayi ya rubuta kan ƙwaya da ƙuncin rai ta koma kamar wasiyyar dattijo, a 2003 ya rasu. "Yesterday" ta Beatles kuwa an sake ta fiye da sau 2,000, mafi yawansu ba wanda yake tunawa da su.

Zuwan intanet ya mai da abin hanyar neman suna. Justin Bieber waƙoƙin mutane yake rerawa ana ɗorawa a YouTube yana yaro lokacin da Scooter Braun, wanda ya zama manajansa, ya gan shi. Sannan tsohuwar waƙa tana iya farfaɗowa, kamar "Fast Car" ta Tracy Chapman ta 1988 da Luke Combs ya sake a 2023, ta jawo mata kyautar waƙar shekara ta CMA, wato ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta Amurka, ita ce baƙar mace ta farko da ta taɓa samu.

A ƙasar Hausa abin da aka fi sabawa da shi ɗan uwan wannan ne, wato aron kari a zubar da baitocin. Masu bege irin su Ushaƙu Indiya a Kano sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabon Annabi (SAW) a kai da bandiri, haka finafinan Kannywood na farko-farko sun sha aron karin Indiya su sa masa kalaman soyayya na Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin duk sun yi rubutu a kan wannan aron.