Baƙin Tsuntsaye a Tafkin Sakumono: Tambayoyi da Amsoshi

Ina ne Sakumono?

Tafki ne mai ruwan gishiri-gishiri a bakin teku, tsakanin Accra da Tema a ƙasar Ghana, ba nisa da Ashaiman. A 1992 aka sa shi cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa take karewa.

Waɗanne tsuntsaye ake zuwa kallo?

Akwai 'yan gida irin su zalɓe da balbela, amma waɗanda ake yi wa sammako baƙi ne, 'yan ƙanana masu launin toka da siraran ƙafafu. Wasunsu a can arewacin Rasha suke ƙyanƙyasa, inda ƙasa ke daskarewa. Da sanyi ya matso sai su biyo gaɓar Turai da ta Afirka ta Yamma, su fara sauka nan wajen Agusta da Satumba, su juya a Maris ko Afrilu. Mu da muka san shamuwa da zuwan damina, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai dai tafiyar waɗannan dubban kilomita ce, kuma wani cikinsu tafin hannu ma ya ishe shi zama.

Duk kamarsu ɗaya, ya ake bambance su?

Dubi baki tukuna. Mai dogon baki yana cusa shi cikin laka yana zaƙulo tsutsa. Mai gajere kuwa da ido yake farauta: ya ruga, ya tsaya cak, ya cafke, ya sake rugawa. A rairayin bakin teku za ka ga wasu farare-farare suna bin igiyar ruwa idan ta ja baya, ta dawo su arce. Wannan kallon kaɗai ya biya kuɗin mota.

Yaushe ya fi?

Da sassafe, lokacin rani, sa'ad da ruwa ya ja laka ta fito. Ka riƙe madubin hangen nesa, ka sa rana a bayanka.

Me ya sa ake hana matsawa kusa?

Abin da ya fi damuna ke nan. Kitsen jikinsu shi ne guzurin komawa, kuma duk tashin da aka sa su yi cikin firgici daga guzurin ake ɗiba. Ga gine-gine sun riga sun ci gefen tafkin, wurin kiwo ya ragu. In ka ga sun daina ci sun ɗaga kai gaba ɗaya, ka yi kusa da yawa. Ja da baya a hankali, ka tsugunna, har ka ga bakunansu sun koma cikin laka.