Ina sauran gigabayit ɗin suka shiga? Tambayoyi da amsoshi kan ma'aunan ajiyar bayanai

Tambaya: Daga ina ake fara ƙirgen bayanai a kwamfuta ko waya?

Amsa: Daga bit. Na'ura hali biyu kawai ta sani, a kunne ko a kashe, wato 1 ko 0, kuma kowannensu bit guda ne. Bit 8 ke haɗuwa su ba da bayit ɗaya. Harafi irin a ko k bayit ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8 da yawancin shafukan intanet ke amfani da shi. Daga bayit sai kilobayit (kB), sai megabayit (MB), gigabayit (GB), terabayit (TB), petabayit, kowanne ya ninka na ƙasa da shi.

Tambaya: Ninki nawa? Wasu sun ce 1,000, wasu sun ce 1,024.

Amsa: Dukansu ana aiki da su, kuma nan ne tushen ruɗanin baki ɗaya. Kilo a ma'aunin duniya dubu yake nufi, kamar yadda kilogiram yake giram 1,000. Ita kuwa kwamfuta da bibbiyu take ƙirge: 2, 4, 8, 16, har a kai 1,024, wato 2 a ninka ta da kanta sau goma. Da masana na farko suka ga 1,024 ya yi kusa da dubu, sai suka ara masa sunan kilo. A lokacin bambancin bai taka kara ya karya ba, kashi 2.4 cikin ɗari ne kacal. Matsalar ita ce tazarar tana ƙaruwa a kowane mataki: kusan kashi 5 a mega, kashi 7.4 a giga, kusan kashi 10 a tera.

A 1998 hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya ta amince da sababbin sunaye don raba gardama. KiB, MiB, GiB da TiB su ne na ƙirgen 1,024, su kuma kB, MB, GB da TB a bar wa ƙirgen dubu. A ganina gyaran ya yi daidai, kuma abin takaici ne yadda har yau manhajoji da yawa ba su rungume shi ba, domin mai saye ne ke kwana a ciki.

Tambaya: Yaya zan juya wani ma'auni zuwa wani?

Amsa: In za ka sauko daga babba zuwa ƙarami ka ninka, in za ka hau ka raba. A ƙirgen dubu, GB 3 ya zama MB 3,000. A ƙirgen 1,024, GiB 3 ya zama MiB 3,072. In tsallaken mataki biyu ne, sai ka yi sau biyu. Kafin ka taɓa kalkuleta dai, ka fara gano wane ƙirge aka yi amfani da shi a lambar da ke gabanka.

Tambaya: Na sayi ma'ajiya mai TB 1, kwamfuta ta nuna min GB 931. An cuce ni ke nan?

Amsa: A'a, ko bayit ɗaya bai ɓace ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya ƙirga da dubu, ya ba ka bayit 1,000,000,000,000 cif. Windows kuma sai ta raba wannan adadi da 1,024 har sau uku, ta samu 931, ta rubuta GB alhali GiB take nufi. Hatsi ɗaya ne aka auna da mudu biyu masu girma daban. Haka mai GB 500 za ta fito kusan 465, katin memori mai GB 64 kuma kusan 59.6. Kwamfutocin Apple sun koma ƙirgen dubu tun 2009, shi ya sa ma'ajiya ɗaya za ta iya nuna lamba daban a kan Mac.

Amma a waya akwai ƙarin dalili: babbar manhajar da ke tafiyar da ita, da waɗanda aka sako tun daga kamfani, sun riga sun cinye wani kaso. In kuwa kati ya ce GB 64 amma fayiloli suka fara lalacewa da zarar ka wuce GB 8, wannan ba maganar lissafi ba ce, jabu ne.

Tambaya: RAM fa, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai?

Amsa: Da 1,024 ake ƙirga shi. RAM mai GB 8 a haƙiƙa MiB 8,192 ne.

Tambaya: An ce saurin intanet ɗina 20 Mbps ne, amma ina sauke abu ina ganin 2.5 kawai. Me ya faru?

Amsa: Ka duba harafin da kyau. Ƙaramin b bit yake nufi, babban B kuma bayit. Kamfanonin sadarwa da bit suke auna sauri, girman fayil kuwa da bayit ake auna shi, don haka sai ka raba da 8: 20 Mbps, wato megabit 20 a daƙiƙa, daidai yake da MB 2.5 a daƙiƙa. Da wannan za ka iya lissafa lokacin jira. Fayil mai GB 5, wato MB 5,000, in ka raba shi da 2.5 za ka samu daƙiƙa 2,000, minti 33 da ɗoriya. A aikace ka ɗan ƙara a kai, saboda wani ɓangare na layin yana tafiya ne wajen ɗaukar bayanan da ke tsara isar da saƙon, kuma saurin yakan ragu idan masu amfani da layin suka yi yawa.