Amsoshin tambayoyin da baƙi ke yi mini kan zagaya Birnin Shehu

Ba na ƙin baƙo, Allah ya sani. Amma shekara da shekaru ina raka mutane zagayen Sakkwato, abokan aiki daga Kano da Zariya, 'yan bautar ƙasa, surukai, sababbin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Bakina ya gaji da maimaici. Ga amsoshin wuri guda, a karanta kafin a kira ni.

Daga ina zan fara?

Hubbare, inda kabarin Shehu yake. Wannan ba abin shawara ba ne.

Duk shugabannin jihadi a Hubbare suke kwance?

A'a, kuma ina jin nauyi idan Bahaushe mai digiri ya yi mini wannan tambaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana nan, a gidan da ya zauna har ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u tana nan kusa da shi, haka ma wasu sarakunan Musulmi na baya, cikinsu har da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Amma Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin a 1809, yana Wurno, can ya rasu a 1837. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, yana Gwandu, jihar Kebbi ta yanzu.

Zan iya ɗaukar hoto a ciki?

Nemi izinin masu kula da wurin. In sun ce a'a, mayar da waya aljihu. Na taɓa raka wani saurayi, muna shiga ya ɗaga waya sama yana magana da mabiyansa na TikTok, alhali ga wani tsoho a durƙushe gefensa yana hawaye, ya yi tafiyar kwana biyu daga Nijar don wannan tsayuwar ta minti biyar. Har yau kunyar ranar ba ta sake ni ba. Maƙabarta ce, ɗan'uwa. Cire takalmi, rage murya, yi sallama, yi wa mamata addu'a, ka ba na bayanka wuri.

Ni mace ce, za a bar ni?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Mata sun daɗe suna zuwa wurin nan, tun zamanin 'yan taru, matan ƙauye da Nana Asma'u ta riƙa koyarwa ta hannun jajoji, shugabannin da take naɗawa ta ɗora musu malfa. Har gobe za ki ga tsofaffi sun zo ayari guda da ƙullin hatsinsu na sadaka. Sa hijabi, masu kula da wurin za su nuna miki inda mata ke tsayawa.

Wane lokaci ya fi?

Hunturu, Disamba da Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Wanda ya zo a lokacin ya fita da sassafe, ya dawo kafin azahar, ya sake fita bayan la'asar. Kada ka yi wa ranar Sakkwato gardama.

Gidan tarihi fa, akwai abin gani?

Akwai, in kai mai haƙuri ne. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ake nufi, an sa mata sunan Wazirin Sakkwato, malamin da ya rasu a 1997. Masu shiga su fito cikin minti goma su ce mini "ba komai sai takardu" su suka fi ɓata mini rai. To da me aka gina daular in ba da takardun ba? Littattafan hannu ne da wasiƙu na Larabci da ajami, da tawadar da aka dafa a gida, ga kuma makamai da kayan sarauta na da. Tsaya a gaban wasiƙa guda, ka dubi hatimin da ke samanta, ka roƙi ma'aikaci ya karanta maka layi biyu. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka ka je ranar aiki, da safe.

Ina ake ganin zanen bango?

Wanda ke neman dogon bango cike da fuskokin mutane ya ɓata hanya. Adon garin nan yana jikin zaure da ƙofar gida, dagi da zayyanar magina da zankwaye, a tsofaffin shiyoyi kewayen fada. Sauka daga mota ka taka da ƙafa.

Ina so in je Wurno, Degel, Alƙalawa da Surame. Zai yiwu?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa da kalma ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka "je kawai" ko "kada ka kuskura" bai yi maka adalci ba. Na fahimci abin da ke jan ka. A Degel Shehu ya yi zaman karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa ce babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Surame kufan birnin Kanta na Kabi ne, ganuwar dutse tun ƙarni na 16, a yankin Binji. Wanda ya ga waɗannan ya ga tarihin da bai gani a cikin gari ba.

Sai dai kowa ya san halin da gabashin jihar ke ciki a shekarun nan da 'yan bindiga, musamman wajen Sabon Birni da Isa, kuma Alƙalawa a ƙasar Sabon Birni take. Ni dai ba zan kai baƙo can ba a yanzu, ko da ya ce ya ɗauki nauyin kansa. Wurno ta fi kusa, mutane na zuwa suna dawowa, amma hanyar da ke lafiya wannan mako tana iya canzawa mako mai zuwa, don haka labarin wanda ya je bara ba hujja ba ne. Abin da nake yi shi ne, daren da za a tafi in tambayi direbobin tasha masu bin hanyar kullum, in kuma kira wani ɗan garin. In bakinsu ya zo ɗaya, mu fita bayan rana ta ɗaga, mu juyo kafin la'asar, a motar da ba ta jan ido, ba tare da an sanar da duniya a Facebook ba. In ɗaya daga cikinsu ya yi jim kafin ya amsa, an fasa. Surame da Degel kuwa, ko da lafiya lau, suna buƙatar ɗan jagora wanda mai gari ya sani, kuma da damina hanya na iya hana ƙaramar mota.

In duk wannan ya yi maka yawa, je Sifawa ta wajen Bodinga, inda Shehu ya zauna kafin ya komo Sakkwato a 1815. Tana kusa. Ita ma a tambaya tukuna.

Ganuwa tana nan?

Mafi yawanta ta tafi, gidaje sun cinye. Sunayen ƙofofin ne suka rage a bakin mutane: Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya da sauransu. Faɗa wa ɗan kabu-kabu kowace, zai kai ka.

Me ya sa komai Giginya, Giginya?

Saboda a wurin da ake kira Giginya aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Daga nan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. Filin wasan da ke ɗauke da sunan don tunawa da ranar ne.

Za a bar ni in ga Sarkin Musulmi?

Ba haka kawai ba. Ka ga ƙofar fada, ka gaida dogarai, ka yi salla a Masallacin Bello da ke kusa, ka ƙarasa Masallacin Shehu. Mai son ganin Mai Alfarma a kan doki ya zo da Salla.

Wace tsaraba zan saya, kuma a ina?

Fata. Jar akuyar Sakkwato ce ta ba da fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Babbar kasuwa tana da komai, amma ni na fi son kai baƙo Shiyar Madunka, inda zai ga baduku zaune a zaure, fata a kan gwiwa, yana huda da basilla yana jan zare. A nan ake samun tumtum, jaka, takalmi, gafaka da kuben wuƙa. Sunsuna kayan kafin ka taya: fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshinta, bayanta kuma yana da kaushi, roba kuwa santsi ne ciki da waje. Yi ciniki, ba laifi, amma in dattijo ya ce "albarka" sau biyu, ƙara masa, kwana uku ya yi a kan abin da kake son ɗauka da kuɗin katin waya. Kayan ƙira suna Maƙera Assada. Kilishi kuma sai ranar tafiya, a ɗanɗana kafin a naɗe.