Waiwaye: yadda tseren gina na'urorin hanzarta ƙwayoyin zarra ya sauya alƙibla

Mazauna Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafuwa a nan Legas, sun san cibiyar kula da masu ciwon daji da aka buɗe a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2019. Na'urar da ake gasa ƙari da ita a can ƙanwa ce ga wasu manyan na'urori da ƙasashe ke zuba maƙudan kuɗi wajen ginawa, waɗanda aikinsu shi ne su ɗauki ƙwayar zarra mai nauyi, su tuɓe mata elektiron ɗinta, su kora ta da lantarki da maganaɗisu, sannan su gwara ta da wata domin a ga abin da ke cikinta.

Lamarin ya samo asali a 1932, lokacin da John Cockcroft da Ernest Walton suka fasa ƙwayar sinadarin litiyom a Kembirij ta Ingila, a daidai zamanin da Ernest Lawrence ke ƙera tasa na'urar mai zagaye a Amurka. Ƙwayoyi marasa nauyi kaɗai suke iya korawa. Masu nauyin sai daga baya: Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka kafa cibiyar bincike a garin Dubna na Rasha a 1956, Jamus ta kafa cibiyar GSI a Darmstadt a 1969, inda aka samar da sababbin sinadarai shida, daga lamba 107 zuwa 112 a jadawalin sinadarai, tsakanin 1981 da 1996.

Daga nan ne masana suka ci karo da matsalar da ta sauya tafiyar. Gwargwadon nauyin sinadarin da ake nema, gwargwadon wuyar haɗuwar ƙwayoyi biyun da ake gwarawa domin samar da shi. A cibiyar RIKEN ta Japan an fara harba tutiya kan sinadarin bismut a 2003, amma har zuwa 2012 ƙwayoyi uku kacal aka samu na sinadari mai lamba 113, wanda aka raɗa wa suna nihoniyom. Gudu kaɗai bai isa ba ke nan, dole ne a ninka yawan ƙwayoyin da ake harbawa a kowace daƙiƙa. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙwayoyin duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, suna ture juna idan aka cunkusa su, zafinsu yana iya narkar da abin da aka saita, sassan na'urar kuma sai an sanyaya su da ruwan hiliyom zuwa kusan digiri 270 ƙasa da sifiri.

Neman wannan yawan ne ya haifar da sababbin na'urori. Dubna ta ƙaddamar da sabuwar na'urarta a 2019. Amurka ta buɗe tata mai suna FRIB a Jami'ar Jihar Mishigan a 2022 kan dala miliyan 730. Sin ta fara gina tata mai suna HIAF a birnin Huizhou a 2018. Aikin FAIR na Jamus, mai zoben da kewayensa ya kai mita 1,100, an sa hannu a kansa tun 2010, amma jinkiri da hauhawar kuɗi sun dabaibaye shi.

Amfanin bai tsaya a ɗakin bincike ba, domin tun 1994 ake jinyar ciwon daji da ƙwayoyin kabon a Chiba ta Japan.

Nijeriya tana da ƙaramar na'urar hanzartawa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a Zariya a 2004, yayin da Afirka ta Kudu ke da cibiyar iThemba kusa da Kef Tawun. A ganina, maganar gina irin ta Huizhou a ƙasar nan ba ta taso ba tukuna, kuma faɗin haka ba raina kai ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne a tabbatar wa na'urorin Ile-Ife da Zariya wutar da ba ta ɗaukewa da kuɗin gyara a kan kari, a kuma nema wa ɗaliban fiziks na jami'o'inmu gurbin horo a iThemba da Darmstadt, da sharaɗin su dawo su tarar da aikin yi.